Hoton da Ya Sa Ƙanwata Takaba

Ina da jika biyu lokacin da na fara riƙe fensir. A firamaren da ke bayan gidanmu a Ƙanƙara ake yi mana karatun yaƙi da jahilci, da la'asar bayan yara sun tashi, mu zauna a bencin da gwiwoyinmu ba su shiga ƙarƙashinsa. Malamar sa'ar ɗiyata ce, amma ba ta ɗaukar raini. Ranar da muka kai ga karatun wasiƙa ta bugi allo ta ce kada wadda ta kuskura ta shiga cikin wasiƙa sai ta duba abu uku a samanta: wa ya rubuto, daga ina, kuma yaushe. Na haddace, na ci jarrabawa da shi, sannan na bar shi nan cikin aji tare da guntayen alli, don a zatona zancen takarda ne kawai.

Bayan shekara biyu babban ɗana ya aiko mani da waya irin ta shafawa. Kafin a jima na zama mai karanta wa matan unguwarmu saƙo. Wadda ɗanta ya yi wa rubutu daga Kudu, wadda ta ga sanarwa ba ta gane ba, duk gidana suke zuwa. Ba zan ɓoye ba, abin ya hau mani kai. Macen da ta wuce arba'in ana kama yatsanta ana dangwalawa a tawada, yau ita ake yi wa sallama a ce a taimaka a duba. Ina karantawa da ƙarfi, ina kuma turawa gaba. Duk abin da ya shigo, in ya ba ni tsoro ko tausayi, sai in tura. A lokacin gani nake taimako nake yi.

Ƙanwata ita ce autar ɗakinmu. Ni na goye ta, don mahaifiyarmu ba ta daɗe ba bayan haihuwarta. Tana aure a wani ƙauye gaba da Daudawa, a ƙasar Faskari, da 'ya'ya huɗu. Mijinta kaji da zabi yake saye. Yana da wani ƙaton kwando da ya ɗaure a bayan babur, yana bin kasuwannin ƙauye, in ya tara ya kai wa masu lodi. Mutum ne marar hayaniya. In ya zo gidana gaisuwa, sai ya ci tuwo ya wanke hannu ban ji muryarsa sau uku ba.

Farkon damina, ana noman firi, wato noman farko, ya fita da safe ya ce zai yi wajen Sabuwa. Bai dawo ba. Wayarsa a kashe. Mu nan mun san yadda abin yake: in mutanen daji suka ɗauki mutum, kwana biyu ko uku za su kira. Aka zauna jiran kira, kowa a gidan yana kaffa-kaffa da cajin wayarsa. Ba wanda ya kira.

Rana ta biyar hoto ya shigo wayar wansa, wanda muke ce wa Alhaji, shi ne babba a gidan. Mutum uku kwance a bakin hanya. Biyu fuskarsu a fili, ba wanda ya san su. Na ukun ya kifa ciki, fuskarsa a ƙasa, da riga ruwan toka da takalmin roba a ƙafa ɗaya, ga babur yashe a gefensa. Tare da hoton akwai saƙon murya. Wani namiji ne yana magana da sauri yana haki, wai jiya-jiyan nan aka kashe waɗannan bayin Allah a hanyar Sabuwa, mutanen ƙauyen da ke kusa sun yi masu sutura sun rufe su, duk wanda ya ji ya tura wa 'yan uwa don a sani.

Riga ruwan toka mijin ƙanwata ya sa ranar da ya fita. Alhaji ya duba ya ce shi ne, ga ƙeyarsa, ga faɗin kafaɗarsa. Aka nuna wa mazan da ke ƙofar gida, kowa ya ce shi ne. A lokacin ba mai iya shiga wannan hanya ya ce zai je neman kabari. Aka yi mashi salla ba gawa, aka shimfiɗa tabarmi.

Na je zaman makoki. Can aka miƙo mani wayar, tunda ni ce mai karatu, wai in duba. Na duba ta cikin hawaye, na ga riga, na ce Allah ya jiƙansa. Har na sa aka turo mani hoton da muryar, na aika wa danginmu na Funtuwa da na Kaduna da hannuna. Ina so a san wannan, don daga baya wasu sun riƙa magana kamar ni kaɗai ce mai hankali a dangi. Ni ma na ce shi ne.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, wadda ita ke sa matan ƙauyen takaba, ta zo ta tsefe wa ƙanwata kai, ta cire mata 'yan kunne da awarwaro, ta ba ta zane da mayafi marasa ado. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba fita sai da larura, wata huɗu da kwana goma. Aka daka gumba ranar uku, aka yi sadakar bakwai. Kwanakin farko ƙanwata ta yi kuka kamar ranta zai fita, daga baya ta lafa. Ranar da zan koma gida ta rako ni iyakar bakin ɗakinta ta ce, "Yaya, haka Allah ya so. Zan riƙe yaran." Muryarta ba ta rawa. Na tafi ina cewa a raina yarinyar nan za ta tashi.

Kamar mako biyu da dawowata, wayata ta cika ta ƙi karɓar komai. Ina zaune da hantsi a inuwar darbejiyar tsakar gida ina goge tarkace, sai na zo kan hoton. Na ce bari in yi mashi kallon ƙarshe in goge. Na sa yatsu biyu na buɗa shi. Ba zargin komai nake ba, so nake in ga ko da gefen fuskarsa ne. Yatsana ya zame, hoton ya gangara, sai abin da ke bayan mutanen ya cika gilashin wayar. Gona ce. Dawa ce tsaye ta fi tsawon mutum, kanta ya yi ja ya sunkuya, ganyen ƙasa duk ya bushe. Can gefe har an yanke wata an jingine karan.

Na ɗaga kai na dubi 'yar masarar da na shuka a bayan ɗaki. Ba ta kai gwiwata ba.

Ni ɗiyar manoma ce. Tun kafin in san baƙi ɗaya na san dawa ba ta nuna ana noman firi. Da kaka aka ɗauki hoton nan, mai muryar kuma ya ce jiya. Na koma kan babur ɗin, babu kwando, babu ma katakon da ake ɗora kwandon a kai. Sai a lokacin maganar malamarmu ta faɗo mani. Mutum na cikin dangina, an yi mashi salla, an sa matarsa takaba, kuma cikin tambayoyin nan uku ko ɗaya ban yi ba.

Na kira Alhaji. Ban gaya mashi abin da na gani ba, na dai tambaye shi wa ya turo mashi. Ya ce a guruf ɗin waya na 'yan kasuwarsu ya gani, wani direba mai lodi a tashar Ƙanƙara ya saka. Washegari na yafa mayafi na tafi tasha, aka nuna mani shi. Ya jingina da motarsa yana sakace.

"Sannu Hajiya. Funtuwa ce? Saura mutum ɗaya."

"Kullum saura mutum ɗaya, motar ko kaza babu. Ba tahiya zan yi ba. Kai ka saka hoton mutanen da aka ce an kashe a hanyar Sabuwa?"

Ya gyara tsayuwa. "Allah ya jiƙansu. Ni na saka."

"Kai ka ɗauka?"

"Haba Hajiya, ni mi zai kai ni can?"

"Muryar taka ce?"

"A'a, turo mani aka yi."

"Wa ya turo?"

Ya yi dariya ya dubi 'yan kamasho. "Jama'a, yau ga 'yar sanda da mayafi. Hajiya, ankwar na cikin jaka?"

"Tana ciki. Mace na can kwana ashirin ba ta sa kwalli ba saboda yatsan nan naka. Cire tsinken daga baki ka duba mani wa ya turo."

Dariyar ta tsaya. Ya lalubo. Ɗan ƙanen babansa ne, mai sayar da albasa a Legas. Na karɓi lambar na kira nan take a gabansa. Mutumin ya ce shi ma a wani guruf na 'yan Arewa mazauna can ya gani, da ya ji an ambaci Sabuwa sai ya ce bari ya tura gida a yi hattara. Na ce wa ya saka a can? Ya ce bai san shi ba, lamba ce kawai ba suna. Na ce yaushe rabonsa da gida? Ya ce shekara uku. Wato abin da aka ce ya faru a bayan gidanmu, sai da ya je bakin teku sannan ya dawo ya same mu.

Ranar kasuwa na nemi matan wajen Sabuwa masu kawo daddawa da kuka. Na tambayi uku, kowacce daban. Sun lissafa mani waɗanda aka rasa a wajensu, da sunan ƙauye da sunan uba, don irin wannan ba ya ɓoyuwa. Ba wadda ta ji an rufe baƙi uku a rana ɗaya. Duk da haka na ce wa kaina ai ba ko'ina suke zuwa ba.

Abin da ya rufe maganar, wajen wata abokiyar karatuna na same shi. Ita ba ta goge komai a waya, ko gaisuwar Juma'a ce tana nan. Ina nuna mata ta ce, "Ai na san hoton ga." Ta yi ta jan gilashi baya, baya, har ta kai kakar bara. Ga shi nan. Mutum uku, riga ruwan toka, takalmi a ƙafa ɗaya. Ranar da ya shigo mata tana rubuce a samansa, na karanta da bakina sau biyu. Muryar da ke tare da shi ta wani mutum ce daban, shi kuma cewa ya yi a wata jiha ce yamma da mu, ya ambaci garin da ban taɓa ji ba. Lokacin da hoton nan ya shiga wayarta mijin ƙanwata yana yawonsa lafiya lau, don bayan wannan kakar ma ya zo gidana ya kawo mani zabuwa.

Na gaya wa maigidana bayan azahar. Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "To, kin gano ba shi ne a hoton ba. Kin gano yana raye?"

"A'a."

"Kin san inda yake?"

"A'a."

"To mi za ki kai masu?"

"Abin da na gani."

"Ki dai yi tunani. Yarinyar nan ta fara haƙura."

Na ce, "Malam, in yana can ɗaure a daji fa? Ana nan an ci gumbarsa, in ta gama a ɗaura mata aure da wani, ya dawo ya tarar da mi?"

Ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Bai hana ni ba. Ya daɗe da sanin ba na hanuwa.

Na yi tunanin, kwana biyu ina yi. Rana ta uku na ari wayar abokiyata na shiga mota. Hanyar duk ta zama taɓo, sau biyu muna sauka maza su tura. Da na isa na sa aka kira Alhaji da limamin ƙauyen, muka zauna a ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyar su Alhaji, tsohuwa ce idonta ya fara rauni. Ƙanwata na cikin ɗakinta, labule a sake, amma tana jin komai. Na ajiye wayoyin biyu a kan tabarma na yi bayani tun daga farko.

Alhaji bai bari na kai ƙarshe ba. "Ni za ki gaya wa ban san ƙeyar ƙanena ba? Ni nake kai shi aski yana yaro."

"Alhaji, ka san ƙeyarsa. Dawa fa, ka san ta? Dubi bayan mutumin. Kai ka yanki dawa a watan ga?"

"Ka ji illar boko da tsufa. An koya maki baƙi huɗu, kin zo ki tada mana matacce."

"Wannan ba boko ba ne, noma ne, kuma ka fi ni saninsa. Karɓi ka duba."

Ya ƙi karɓa, ya kau da kai. Liman ne ya miƙo hannu. Ya sa tabarau ya daɗe a kan hoton, ya saurari muryoyin biyu, ya sa na karanta mashi ranar da ke rubuce a wayar abokiyata. Sannan ya tambayi Alhaji ko akwai wanda ya ga gawar da idonsa. Babu. Ko akwai wanda ya san sunan ƙauyen da aka rufe shi. Babu. Ya cire tabarau ya ce, "Ni na ja sallar nan, kuma ban yi tambayar ga ba. Allah ya yafe mana." Ya ce aure ba ya yankewa da zato. Takaba ta wadda mijinta ya mutu ce, wannan kuwa ba a tabbatar ba. Hukuncin wanda ya ɓace daban ne, in ji shi: sai an kai maganar gaban alƙali, a yi cigiya, a jira shekara huɗu, sannan ta yi idda. Kafin nan matar aure ce.

Inna ta matso kusa da ni. Sai na ji ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Ɗiyata, kina nufin yana nan da ransa?"

"Inna, ban ce haka ba. Na dai ce ba shi ne a hoton ba."

Ba ta ji ni ba. Ta ɗaga hannu sama tana hamdala, hawaye na bin kumatunta, ta ce a naɗe sauran tabarmin ƙofar gida, a share ɗakinsa, a fito da kayansa a shanya kada su yi tsami kafin ya zo. Ban taɓa ganin murnar da ta ba ni tsoro irin wannan ba. Alhaji ya tashi ya fita bai yi mani sallama ba.

Na ɗaga labule na shiga wajen ƙanwata. Tana zaune a bakin gado. A bangon da ke gefenta ta yi zane da gawayi, kowace rana layi ɗaya, sun kusa talatin. Ba a jima ba tsohuwar nan mai sa takaba ta shigo da 'yan kunnen ƙanwata da awarwaro a cikin murfin kwano, ta ajiye ta fita, ba ta taɓa warware takaba a tsakiya ba.

"Yaya, yanzu mi zan yi?"

"Ki yi wanka a yi maki kitso. Mijinki bai mutu ba sai an tabbatar."

"To ina yake?"

Na ce Allah zai bayyana shi. Ta dubi murfin kwanon, ba ta taɓa shi ba.

A mota, a hanyar komawa, raina fes. Har ina shirya yadda zan ba malamarmu labari in na gan ta.

Damina biyu sun wuce bayan wannan. Ba kira, ba babur, ba wanda ya ce ya gan shi. Alhaji ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Duk wanda aka sako daga daji a yankin sai ya je ya same shi da hoton ƙanensa na katin zaɓe. Wani ya ce kamar ya ga mai irin fuskar, wani ya ce bai gani ba. Maganar alƙali kuwa Inna ta ce in dai tana numfashi ba mai kai sunan ɗanta kotu kamar wanda aka fid da rai da shi. Alhaji ba ya tsallake maganarta. Na ce ni zan raka ƙanwata mu je, ta ce a gidansu take, hatsinsu take ci ita da yara huɗu, da wane ido za ta dubi tsohuwar. Wato shekara huɗun da liman ya faɗa ko fara ƙirga su ba a yi ba.

In ta sa kwalli, matan ƙauye su ce ta manta da shi. In ta bari, Inna ta ce fatan mutuwa take yi wa ɗanta. An zo rubuta marayu don rabon abinci, mai rubutun ya tambaya ko uban yaran ya rasu, aka yi shiru, ya wuce gida na gaba. Matan da aka kashe mazansu bayan ɓatan nata mijin, aka kawo gawa kowa ya gani, sun yi takaba sun fita, wata ma ta yi aure har da goyo. Ita tana nan a ɗakin, ta rame, ba ta zuwa biki, in ta je gaisuwar mutuwa kuma ba ta san gefen da za ta zauna ba.

Ni kuma na daina tura komai. Matan unguwa in suka kawo mani saƙo sai in tsare su da tambaya, wa ya turo maki, shi a ina ya samu, ya gani da idonsa? Suka ce na cika tsanani, abu kaɗan sai na mai da shi shari'a. Da yawa sun koma wajen masu karanta masu su yi salati tare a tura gaba. Ban damu ba. Abin da ke damuna shi ne mai muryar nan. Na saurare shi ya fi a ƙirga, har na san inda yake jan numfashi. Ban san ko mugu ba ne, ko kuwa shi ma tsoro ne ya kama shi ya ɗora wa tsohon hoto sunan garin da ya sani. Da mai riga ruwan toka, bawan Allah, shi ma yana da uwa a wani wuri. Ban san gari nawa aka yi mashi salla da sunan wani ba.

A ƙauyen su ƙanwata kuwa abin ya juya. Tun daga ranar, duk hoton da ya shigo sai a ce a bari sai yayar wance ta duba. Liman da kansa yakan aiko a tambaye ni. Alhaji har yau gaisuwarmu ba ta wuce lafiya lau, amma shi ma ba ya musa abin da na ce.

Bayan girbin bana na je duba su. Da rana ne, Inna ta kishingiɗa a ƙofar ɗakinta, yara sun tafi islamiyya. Ƙanwata ta ja ni ɗaki ta saki labule, ta zaro waya daga ƙarƙashin matashi. Ta maƙwabciyarta ce ta aro.

"Duba mani."

Mutum ne kwance cikin ciyawa, an rufa mashi buhu daga kai har gwiwa. Ƙafafu kawai ake gani da hannu ɗaya. Muryar ta ce an tsince shi a dajin da ke tsakanin Faskari da Sabuwa, ba a san danginsa ba. Na buɗa hoton na bi shi lungu-lungu. Ba gona, ba gini, ba abin da zai nuna wuri ko lokaci. Na tambayi inda ya fito, ta ce ƙanen maƙwabciyar ne ya gani a guruf.

"Ba a ganin fuska," na ce.

"Na sani. Dubi ƙafar."

"Ƙafa ce, auta. Duk namijin da ke yawo a babur irinta gare shi."

Ta matso har ina jin numfashinta, ta rage murya. "Yaya, ki ce shi ne."

Na dube ta.

"Ke kaɗai za su yarda da ke. In kika ce shi ne, liman zai yarda, Alhaji zai yarda, Inna ta yi kuka ta haƙura. Gobe in tsefe kaina in fara, kafin ruwa ya sauka na gama. Wallahi ba aure nake so ba. Ƙaramin nan kullum sai ya tambaye ni ina babansa, na rasa mi zan ce mashi. Na gaji, Yaya. Wancan karon na kusa wata guda kika zo."

Na mai da ido kan wayar. Na daɗe. Allah ya yafe mani, nema nake ya zama shi. Na dubi yatsun hannun, na dubi diddigen, ina ƙoƙarin tuna hannun da ya sha miƙo mani zabi, na kasa. Da na ce shi ne, ba wanda zai taɓa kama ni. Bakina ya buɗe har sau biyu.

"Ban sani ba," na ce. "Ba zan ce ba shi ba ne. Amma ba zan ce shi ne ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi wayar, ta goge gilashin da bakin zanenta a hankali.

"To. Bari in mayar wa mai ita, cajinta ya kusa ƙarewa."

Ta ɗaga labule ta fita. Ina zaune a bakin gadon na ji Inna ta farka tana tambaya ko labarin ɗanta ne aka samu.

"A'a Inna," in ji ƙanwata. "Ba komai. Koma ki kwanta."